Kwanakin da Tafintar Baba Ta Yi Shiru

Talata, 4 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Tafinta, kwamfutar Baba, ba ta tashi ba.

Na danna maɓalli, shiru. Na sake dannawa na riƙe, shiru. Ko 'yar koriyar fitilar nan ta gaba ba ta kawo ba. Na jona dutsen guga a soket ɗin, ya yi zafi, ke nan akwai wuta. Na ciro wayar butar lantarki, tunda bakinsu ɗaya, na gwada da ita. Shiru.

Baba yana kan kujerarsa yana kallona. Na ce, "Baba, 'yar gardama ce take yi, in na dawo daga aiki zan duba ta." Ya lumshe ido sau ɗaya. Sau ɗaya i ne, sau biyu a'a.

Injiniya, mai kula da injinanmu a maɗaba'a, shi ya koya mini rubuta duk abin da na gwada in ina gyara, don kada in yi ta zagaye wuri ɗaya. Amfanin wannan littafin ke nan. Ba don komai ba.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Da hannuna na haɗa ta, shekara biyu da suka wuce, lokacin da muryar Baba ta gama tafiya, hannunsa kuma ya daina riƙe biro. Babban yatsansa na hagu kaɗai ya rage yana jin maganarsa. Na samo masa ƙwallon da ake murzawa da yatsa, na sa manyan haruffa a gilashin kwamfutar. Yana zaɓarsu ɗaya bayan ɗaya, in ya gama jimla sai murya ta karanta da ƙarfi. Muryar ta mace ce, kuma Hausarta sai a hankali. Ranar farko da ta ce "ina son ruwa", Gwaggo, yayar Baba, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Kafinta, da tsufanka ka koma magana da muryar budurwa?" Kafinta take ce masa, don shekara arba'in ya yi yana aikin katako. Ita ta raɗa wa kwamfutar suna, wai Kafinta ya samu Tafinta.

Gwaggo ke zama da shi da rana. Sauran aikin nawa ne: ɗagawa, wanka, banɗaki, juyawa, magani. Tun rasuwar Umma mu biyu ne a gidan. Yaya yana can wata unguwa da iyalinsa, tafiyar sa'a guda a mota, yana zuwa duk Asabar.

Na buɗe murfin gefe. Ƙura kaɗan. Duk wayoyi suna inda na bar su. Na tura kowacce da yatsa, na tabbatar ta zauna. Na danna. Shiru.

Akwai 'yar lotsawa a kusurwar akwatin ta baya. Ba ta da alaƙa da wannan.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana, a wurin aiki

Na gaya wa Injiniya. Yana goge hannu da tsumma ya ce, "Malama, kafin ta mutu me ya faru? Kwamfuta ba ta mutuwa haka kawai."

Na ce da yamma lafiya lau take aiki, da safe ta ƙi tashi.

"Ta faɗi?"

Na ce a'a.

Ya dube ni ta saman tabarau, sannan ya ce in fara da fawa, wato akwatin da ke raba wuta a ciki. In cire ta, in lanƙwasa ƙaramin ƙarfen maƙala takarda, in haɗa koriyar waya da baƙa. In fankarta ta juya, tana da rai.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Fankar ta juya.

Na yanko kwali na rubuta haruffa a kai, layi biyar. Ina nunawa da cokali, Baba yana lumshe ido in na zo kan wanda yake so. Kalmar ruwa ta ɗauke mu minti biyu. Zafi, minti ɗaya, don daga z na gane. Gwaggo ba ta iya karatun boko ba, amma ta ce ita ba ta bukatar kwali, shekara saba'in tana karanta fuskar ƙaninta.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na ɗaga shi, na yi masa wanka, na sa masa riga. Idonsa a rufe har na gama. Gajiya ce.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Yau an ɗan motsa. Na zare wayar maɓallin gaba, na taɓa ƙananan ƙarafan nan biyu da bakin sukundireba, kamar yadda Injiniya ya nuna mini. Fanka ta zabura, ta yi rabin juyi, ta tsaya. Na sake. Rabin juyi, ta tsaya. Kamar mai son yin atishawa ta ƙi fita.

Gwaggo ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Ai tana numfashi. A ba ta ruwa."

Da ta tafi na ɗauko kwali in tambayi Baba ko in ƙara masa matashi. Ya lumshe ido sau biyu. Ya kalli kwalin, alamar yana da magana. Na fara nunawa. Y. A. Y.

Sai na tuna na bar shinkafa a wuta.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Yaya ya zo. Ya tsaya a kan teburin yana kallon kayan cikin Tafinta a baje, hannu a aljihu.

"Auta, wannan ai fiɗa kike yi. Ba za a kai ta shago ba?"

Na ce ni na haɗa ta, ni na san ta.

Ya ce to. Yaya ba ya ja-in-ja, tun muna yara haka yake. Ya zauna kusa da Baba ya ba shi labarin yara, da na maƙwabcinsa da ya gina katanga ta karkace. Baba ya yi wannan sautin da yake yi a maƙogwaro in abu ya ba shi dariya. Na kwana biyu ban ji shi ba.

Da lokacin banɗaki ya yi, Yaya ya miƙe ya ce bari ya kama mini. Na ce ya bari, bai san yadda ake riƙe kafaɗar dama ba, zai ji masa ciwo. Ya koma ya zauna.

Bai ga kwalin ba. Yana bayan kabad, don kada ya yi datti.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na cire ram, wato ƙananan allunan ƙwaƙwalwarta, duka biyun, na goge bakinsu, na mayar da ɗaya. Rabin juyi. Na sa ɗayan. Rabin juyi. Na canja musu gurbi. Haka. Na cire ƙaramin batirin nan mai kama da maɓallin riga, na jira minti goma, na mayar. Haka.

Teburin da take kai Baba ne ya yi shi, kafin a haife ni. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Ina aiki yana bin hannuna da ido, kamar yadda nake bin nasa da ido a shagonsa ina ƙarama. In na ajiye sukuru a kan tebur kawai, sai ya kalle ni ya kalli kofin da na tanada musu, har sai na jefa a ciki.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Mako ɗaya.

Litinin, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Injiniya ya ce, "Rabin juyi ta tsaya, ko? To kare kanta take yi. Wani abu yana taɓa wani abu. Ki fito da bod ɗin gaba ɗaya daga akwati, ki ɗora shi a kan kwali, ki tayar da shi a waje. Aikin rabin sa'a ne."

Bod shi ne babban farantin da komai ke maƙale a jikinsa. Na ce ni dai na fi zargin fawa, wataƙila tana da rai amma ba ta da ƙarfi. Ya ce yana iya yiwuwa. Ya buɗe durowarsa ya ara mini wata.

"Amma in ni ne ke, da kwalin zan fara."

Talata, 11 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na sa fawar Injiniya. Rabin juyi.

Na san haka za a yi.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ban taɓa ta ba yau. An kawo mana aikin littafin makaranta mai shafi ɗari uku, idona ya gaji.

Gidan ya yi tsit. Da, tun daga ƙofa nake jin muryar nan tana cewa "sannu da aiki". In na shiga sai ta ce shayin Gwaggo ruwa ne zalla, Gwaggo ta ce wanda ya ga ba zai iya sha ba ya tashi ya dafa nasa. Yanzu Gwaggo ita kaɗai take faɗan, ita take ba kanta amsa.

Na lura Baba ya rage ci. Cokali shida, sai ya rufe baki.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na ɗaga shi, na yi masa wanka. Idonsa a rufe.

Alhamis, ƙarfe shida saura kwata na yamma

Gwaggo ta tare ni a kicin tana ɗaura mayafi.

"Auta, ke da kika haɗa abin nan a kwana biyu, yau kwana goma kin kasa tayar da shi?"

Na ce gyara ya fi haɗawa wuya.

"Haka ne." Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta juyo. "Mutum ya wuni da magana a bakinsa ba ta fita, ni ko maƙiyina ba na yi wa fatan haka. Ran Litinin ɗin can da na tafi na bar ku lafiya. Ban tambaye ki ba, kuma ba zan tambaye ki ba."

Ta tafi. Na wanke tukunyar da na riga na wanke.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Na dawo da wuri. Na ɗauko kwali daga bayan kabad, na ja kujera gabansa. Na ce, "Baba, faɗi abin da za ka faɗa. Ba zan tashi ba."

Na riga na shirya wa Y. Da cokalin ya zo kanta, bai lumshe ido ba. Muka koma farko.

A. B. U.

Ya ɗauke mu kusan minti ashirin. Ina rubutawa a bayan ambulan, harafi bayan harafi, sau biyu muna ɓata muna sakewa. Ga abin da ya fito:

abu ya gangara ciki da ta fadi

Na zauna ina kallon ambulan ɗin. Kwana goma sha ɗaya yana riƙe da wannan. Kunnen kafinta. Ya ji ƙarar ƙaramin ƙarfe yana gangarawa, a lokacin da ni ban ji komai ba.

Na ce, "Na gode, Baba." Ya lumshe ido sau ɗaya.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe tara na safe

Injiniya ya ce a rubuta komai, in ba haka ba littafin ba shi da amfani. To bari in rubuta.

Ran Litinin 3 ga wata, bayan Gwaggo ta tafi, na gama yi wa Baba wankan yamma, na zaunar da shi a gaban Tafinta, ina ninke tawul. Ya daɗe yana murza ƙwallon. Sai muryar ta ce, da wannan lafazin nata da ba ya hawa ba ya sauka, "Auta, ina so in koma gidan yayanki."

Na ce, "Me?"

Ya ci gaba da zaɓar haruffa. Na ga d, na ga o, na ga n. Ban jira ba. Na kama wayar wuta na fizge. Ba daga bango ta fita ba, akwatin ne ya biyo ta. Ya faɗo daga teburin ta kusurwa, ya kife a ƙasa.

Na ɗauke shi na mayar. Na share wurin, ko da yake babu abin sharewa. Na ba Baba magani, na kwantar da shi, na juya shi a kan lokaci. Ba abin da na fasa yi masa.

Shekara uku. Ban taɓa bari ya kwana da jiƙaƙƙen zani ba. Babu ƙurji ko ɗaya a bayansa, likita ma ta yaba. An nemi in riƙe sabon reshen maɗaba'a na ce a'a. Ban taɓa yi masa gori ba, ko a zuciyata. To ko na yi? Ban sani ba.

Ni na ba shi murya, ni na ƙwace. Na rubuta.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Yaya bai samu zuwa ba, ƙaramarsu ba ta jin daɗi.

Na kwance sukuru tara, na jefa kowanne a kofi. Na ɗaga bod ɗin a hankali. Ga shi nan kwance a bayansa, ya maƙale tsakanin farantin da ƙarfen akwati: ɗan sukuru baƙi, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Na fankar sama ne, ashe tun farko ban ɗaure shi sosai ba.

Na ɗora bod a kan kwalin takalmi, na jona fawa da ram ɗaya da gilashi. Na taɓa ƙarafan da sukundireba.

Fanka ta juya, ta ci gaba da juyawa. Ƙaramin ƙara, ɗit. Rubutu ya hau gilashi.

Baba yana barcin rana a ɗaki. Na bar ta ta yi minti biyar tana aiki, ina zaune ina jin iskar fankar a bayan hannuna. Sannan na kashe, na rufe komai da zani.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ban mayar da ita cikin akwati ba. Sai na samu natsuwa.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na mayar wa Injiniya fawarsa. Na ajiye ɗan sukurun a kan teburinsa. Ya ɗauka ya juya shi a tafin hannu.

Na ce, "Ta faɗi."

Ya ce, "Na sani."

"Ni na kayar da ita."

"Wannan kuma ban sani ba." Ya miƙo mini sukurun. "Ta tashi?"

"Ta tashi a kan kwali."

"To me kike yi a nan? Je ki gida, shafukan ba za su gudu ba."

Litinin, ƙarfe shida da rabi na yamma

A gaban Baba na haɗa ta. Gwaggo ta ƙi tafiya, ta zauna a bakin gado da carbinta, wai sai ta ga tashin matattu da idonta. Na ɗaure kowane sukuru, na bi su na sake gwadawa. Da na zo kan na fankar sama sai na ɗaga shi na nuna wa Baba. Ya yi sautin dariyarsa.

Ta tashi a dannawar farko. Babu abin da ya ɓace. Na gyara masa ƙwallon a ƙarƙashin yatsa.

Abin da ya fara rubutawa: "Shayin ruwa ne."

Gwaggo ta ce, "Ka ga irinta ko? Auta, kashe ta!" Tana faɗa tana goge ido da gefen mayafi. Ba ta daɗe ba ta ce yamma ta yi, ta ɗauki jaka, ta ja mana ƙofa.

Na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, ka yafe mini."

Muryar ta ce, "Na yafe tun ranar."

Na ce, "Ƙarasa maganarka."

Na koma kan kujera, na zauna a kan hannuwana. Ya fi rabin sa'a. Ban kalli gilashin ba, na jira muryar. A gutsure ta riƙa zuwa, zan rubuta kamar yadda ta zo.

"Ba ki gaza ba."

"Ke 'yata ce."

"Wanka. Banɗaki."

"Ina jin kunya. Kullum. Shekara uku."

"Na fi so namiji ya ɗaga ni."

Shi ke nan. Ni da nake cewa gajiya ce take sa shi rufe ido.

Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba tun farko?"

"Kina ƙoƙari. Na kasa."

Na ce Yaya bai iya riƙe kafaɗarsa ba.

"Ki koya masa."

Na ce gidan Yaya da hayaniyar yara.

"Ina so."

Sai na tambaye shi ko zai ci abinci. Ya ce i. Ya ci cokali goma sha huɗu.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na ɗaga shi. Kafin wanka na yafa masa babban tawul daga ƙirji zuwa gwiwa, na yi komai ta ƙarƙashinsa, fuskata a bango. Ya ɗauki ninkin lokacin da na saba. Na makara aiki.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na kira Yaya na gaya masa. Sai ya ce:

"Auta, ɗakin ƙasa tun bara na sa aka faɗaɗa ƙofarsa. Kujerar Baba za ta shige. Ban san yadda zan gaya miki ba ne."

Na ce, "Ka ji tsorona ke nan?"

"Wa ba ya jin tsoronki?"

Na yi dariya, a tsakiyar ofis, har mai yankan takarda ya ɗago kai.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Darasi. Na sa Yaya ya gwada a kaina tukuna. Na zauna a bakin gado na saki jiki, ya sa hannu ta ƙarƙashin hammatata ya ja. Na ce, "Ka karya Baba." Ya sake. Na ce, "Ka karya bayanka." Sau bakwai kafin ya gane ba a ja, gwiwa ake lanƙwasawa, a haɗa ƙirji da ƙirji, a miƙe tare.

Sannan ya ɗaga Baba. Na fita tsakar gida na tsaya wajen igiyar shanya. Na ji ƙarar ruwa, na ji Yaya yana cewa, "Yi haƙuri, Baba, sabon ma'aikaci ne." Sun daɗe. Da suka fito rigar Yaya ta jiƙe sharkaf.

Baba ya rubuta, "Ya fi ki ɓarnar ruwa."

Idonsa a buɗe suka fito. Na gani.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ina ta rubuta wa matar Yaya takarda: lokutan magani, kaurin abinci, yadda ake jera matasai uku, yadda ake kashe Tafinta. Shafi huɗu. Gwaggo ta sa na karanta mata, ta ce, "Wannan ai sai a kai maɗaba'arku a buga." Ita ta riga ta yanke shawara, kwana uku can, kwana huɗu gidanta, wai ba za ta bar Kafinta ya sha shayi mai daɗi ya lalace ba.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An kai shi. A kan cinyata na riƙe Tafinta har muka isa. Teburin ma ya tafi, shi ya ce. Na jona komai a sabon ɗakin, ta tashi. Yaran suka yi cirko-cirko suna jira ta yi magana. Ta kira sunan kowa, ta ɓata duka, suka yi ta ihu.

Da zan tafi ya rubuta, "Ki karɓi reshen."

Na ce an riga an ba wani.

"To ki huta."

Lahadi, 30 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na dafa ruwan wanka mai yawa. Sai da ya tafasa na tuna.

Alhamis, 4 ga sabon wata, ƙarfe shida na yamma

Ban kira ba jiya. Yau sau ɗaya kawai. Matar Yaya ta ce lafiya lau, yana koya wa babbar 'yarsu sunayen katako.

Inda teburin yake, ƙafafunsa sun bar alama huɗu a ƙasa. Na sa tukunyar fure a wurin, ba ta rufe su duka ba.

Asabar, 6 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na je. Matar Yaya ta tare ni a ƙofa, ta karɓi jakata, ta kai ni ɗakin kamar baƙuwa, ta kawo mini ruwa a faranti. Baba yana bakin taga, an yi masa aski, yana ƙamshin sabulun da ba irin nawa ba. Na durƙusa na gaishe shi.

Muryar ta ce, "Sannu da zuwa, Auta. Ya aiki?"

Na ba shi labarin littafin makarantar nan, yadda aka buga shafi na tamanin a kife, Injiniya ya rantse injin ne ya ga dama. Ya ba ni labarin katangar maƙwabcin Yaya, an rushe ta, an sake ginawa, ta sake karkacewa. Jimla ɗaya minti biyar. Ban yi gaggawa ba, babu abin da ke jirana a wuta. Rabon da mu yi hira da Baba wadda babu magani ko matashi a cikinta, na manta.

Tun shigata na ga rigarsa. Yaya ya tsallake maɓalli ɗaya, wuyan ya karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Sau biyu hannuna yana tashi da kansa. Baba ya ga hannun, ya kalle ni, yatsansa a kan ƙwallon bai motsa ba.

Na ɗauki kofina na sha ruwa. Sa'a biyu na yi a wurinsa. Haka na bar rigar.